Zawarcin Madugun Fili: Yadda Jami'o'in Amurka Ke Farautar Ɗan Sakandare

A ƙananan garuruwan jihar Texas, daga ƙarshen Agusta har zuwa Disamba, daren Juma'a yana da mai shi. Rana na yin sanyi za ka ga motoci sun miƙa hanya ɗaya, yaro da babba kowa sanye da launin makarantar sakandaren garin, ana tururuwa zuwa fili. Ga masu ganguna da algaitun ƙarfe, ga 'yan mata masu kirari a bakin layi, ga tsofaffin da suka buga wa makarantar wasa shekara arba'in da suka wuce sun kame a kujerun da suka saba zama. Amurkawa sun raba wa ƙwallonsu kwanaki: Juma'a ta 'yan sakandare, Asabar ta jami'o'i, Lahadi ta ƙwararru. Har doka ce ta tsare rabon, don dokar watsa wasanni ta ƙasar ta taƙaita nuna wasan ƙwararru a talabijin a daren Juma'a da ranar Asabar a tsakiyar kaka, saboda kada manya su janye wa yara 'yan kallo. Garin Allen da ke arewa da Dallas ya kashe kusan dala miliyan 60 ya gina wa sakandarensa fili mai cin mutum 18,000, aka buɗe shi a 2012. Filin 'yan makaranta ke nan fa.

Wasan ba ƙwallon ƙafar da muka sani ba ne, ya fi kama da zari-ruga. Kowane ɓangare mutum goma sha ɗaya, kuma wanda ƙwallo ke hannunsa yana da dama huɗu ya ci yadi goma, in ya kasa ya miƙa wa abokin hamayya. A cikin sha ɗayan nan akwai guda da komai ke ratsawa ta hannunsa, shi suke kira kwatabak. Shi ne madugun ayari. Shi ke faɗin dabarar da za a yi, shi ake turo wa ƙwallo ta tsakanin ƙafafu, sannan cikin daƙiƙa uku ko ƙasa da haka sai ya zaɓi wanda zai jefa wa, alhali ƙarti sun taso masa da niyyar tumurmusa shi. In aka ci, sunansa za a kira. In aka faɗi, shi ne jakin dukan gari.

A cikin taron daren Juma'ar nan akwai baƙin da ba kallo ya kawo su ba. Riga mai tambarin jami'a ce ke tona su, suna tsaye gefen fili hannu a ƙirji, ba sa tafi, ba sa ihu. Mataimakan kociyoyi ne da aka aiko su duba yaro. Samari sama da miliyan ɗaya ke buga wasan a sakandare, kuma shekaru da dama manyan jami'o'i guraben tallafin karatu 85 kacal aka yarje wa kowace ta raba wa 'yan wasanta duka. A bisa al'ada kuma, kwatabak ɗaya jami'a ke ɗauka a shekara. Don haka zaɓen nasa ya zama wani dogon sha'ani mai ƙa'idoji da camfe-camfe, wanda in ka ƙura masa ido ba abin da yake tuna maka kamar neman aure.

Da awo ake farawa. Ana son dogo, ƙafa shida da inci uku zuwa sama, don ya hango fili ta saman kawunan zaratan da ke gabansa. Ana ware masa tafin hannu a auna daga babban yatsa zuwa ƙaramin. Wanda bai kai inci tara ba sai a fara gunaguni, wai ƙwallo za ta suɓuce masa ranar ruwa ko sanyi. Ana sa shi gudun yadi arba'in da agogo a hannu. Sai jifa: tana fita da ƙarfi? Tana juyawa sumul kamar ƙoshiya ko tana tangaɗi a iska? Akwai jifar da masu dubawa ke jira musamman, wadda ake yi daga wannan sashen fili zuwa can bakin layi na ɗaya sashen, domin in hannu ba shi da ƙarfi mai tsaro zai riga ta isa. Tsofaffin kociyoyi kuwa sukan bar hannun su kalli ƙafa, a cewarsu daga ƙasa jifa take tasowa, kuma yaron da ƙafafunsa ke rawa in an matsa masa lamba zuciyarsa ce ke rawa.

Daga nan sai bidiyo. Kusan kowane yaro yana da gajeren fim na wasanninsa a manhajar Hudl, amma wannan hoton zaɓe ne, babu mai sa ranar da ya sha kashi. Koci mai hankali cikakken wasa yake nema, musamman wanda aka lallasa makarantar yaron. So yake ya ga abin da ya yi bayan an ƙwace masa ƙwallo: ya sunkuyar da kai, ya ɗora wa wani laifi, ko ya tattara abokansa? Yana duban inda idon yaron yake. Wanda ya kafa wa mutum guda ido tun farko ya riga ya gaya wa masu tsaro inda ƙwallo za ta. Wani lokacin sai a tsayar da shi gaban allo, a zana masa dabara, a goge, a ɗauke masa hankali da hira, sannan a ce ya sake zana ta. Bincike kuma bai tsaya a fili ba. Ana tambayar kocinsa da malamansa halinsa, ana leƙa abin da yake rubutawa a intanet, ana duba sakamakonsa, don hukumar NCAA mai kula da wasannin jami'o'i ta gindaya darussa 16 da dole ya ci kafin ya taka fili a rukunin farko.

Sannan ga 'yan kasuwar sha'anin. Kafofi irin su Rivals da 247Sports da ESPN suna raba wa yara taurari, biyar ne ƙololuwa, kuma a duk faɗin ƙasar wajen mutum talatin ne ke samun su a shekara. Da rani ana tara gwanayen kwatabak a gasar Elite 11, wadda aka fara a 1999, su yi ta jifa cikin gajeren wando ba wanda ke bin su. A ganina nan ne awon ya fi rauni: jifa ba tare da ƙato na bin ka ba kamar gwada ɗan dambe ne da buhun yashi. Iyaye masu hali kuma sukan ɗaukar wa yaro kocin kansa tun yana ɗan firamare, ta yadda ɗan mai kuɗi a babban birni ke shiga idon duniya, ɗan ƙauye kuwa ko oho.

In jami'a ta gamsu sai ta yi tayi, yaron ya sanar a shafinsa, galibi da godiya ga Ubangiji. In ya amsa, an yi baiko ke nan, amma na fatar baki: ko shi ko jami'ar kowa na iya warwarewa, kuma sauran manema ba sa daina zarya. Da yake gurbin ɗaya ne, 'yan kwatabak sukan riga kowa amsawa, daga nan su koma 'yan aiken jami'ar suna kiran sauran yara. Akwai ziyarar gani da ido ta kwana biyu, jami'a ta ɗauki nauyin yaro da iyayensa, a ci a sha, a sa masa riga a yi hoto. Babban koci kuma, mutumin da sau da yawa ya fi gwamnan jihar albashi nesa ba kusa ba, zai zo har falonsu ya zauna, ya ci girkin uwar ya yaba, ya yi alkawarin riƙe mata ɗa kamar nasa. Sun san wa ke da ta cewa a gidan.

Ɗaurin auren shi ne ranar sa hannu, Larabar farko ta Fabrairu, ko da yake tun 2017 an buɗe wata ƙofar a Disamba wadda yawanci suka koma bi. A zauren makaranta ake yi. A jera hulunan jami'o'in da suka nema a kan tebur, yaro ya zauna tsakanin iyayensa, ya kai hannu kamar zai ɗauki wannan, ya fasa, ya ɗauki waccan ya kifa a ka. Zauren ya kaure, a wani gari mai nisa kuma wasu su kashe talabijin cikin takaici. Da injin faks aka daɗe ana aika takardar, har bayan kowa ya daina amfani da shi.

Al'adar tana da tabonta. Shekaru da yawa baƙar fata in ya gwanance a wannan gurbi sai a ce ya koma wani, wai kwatabak aikin ƙwaƙwalwa ne. Warren Moon ya ƙi, ya fara daga ƙaramar kwaleji a Los Angeles kafin jami'ar Washington ta ɗauke shi. Bayan ya gama kuma ƙungiyoyin ƙwararru ba su zaɓe shi ba, sai da ya tafi Kanada ya ci kofi biyar a jere da Edmonton. Kuɗi ma sun sauya lissafi. Daga 1 ga Yuli 2021 aka halasta wa ɗan wasan jami'a cin kuɗi da sunansa, kuma a shekarar Quinn Ewers ya bar ajin ƙarshe na sakandare a Southlake ya tafi Ohio State, saboda dokar Texas ba ta ba ɗan sakandare wannan dama ba. Sadaki ya shigo fili ke nan. Saki ma ya yi sauƙi, tun da aka buɗe rajistar sauya jami'a a 2018: wanda aka ajiye a benci sai ya haɗa kayansa.

Duk da ma'aunan nan, mai kallo ba ya rasa abin dariya. Kyler Murray ƙafa biyar ne da inci goma, amma a sakandaren Allen ɗin nan bai taɓa faɗuwa a wasan da ya jagoranta ba, wasa 42, kuma shi ƙungiyoyin ƙwararru suka fara zaɓa a 2019. Baker Mayfield ya shiga Texas Tech a 2013 ba tare da tallafin wasa ba, ya zo ya ci kyautar Heisman ta gwarzon ɗan wasan jami'o'i a 2017. Josh Allen, ɗan manoma daga Firebaugh a California, ya gama sakandare babu babbar jami'ar da ta yi masa tayi. Daga kwalejin Reedley ya yi ta aika wa kociyoyi wasiƙa har Wyoming ta amsa, kuma shi aka ba gwarzon gasar ƙwararru ta kakar 2024. David Sills kuwa yana ɗan shekara 13 koci Lane Kiffin ya yi masa tayi a 2010, duk ƙasar ta ɗauka, aka ce an gano madugun gobe na jami'ar USC. Bai taɓa buga mata wasa ba. A West Virginia ya yi suna, a matsayin mai cafe ƙwallon da wani ya jefo.