Makiyayin Ƙwarangwal: Yadda Na Fito a Matsayin Boka a Wasan Tebur

Gabatarwa

A lokacin yajin aikin malaman jami'o'i na shekarar 2022, wanda ya zaunar da mu a gida har tsawon wata 8, wani ɗan bautar ƙasa da ke haya a unguwar Karewa cikin Jimeta ya koya mana wani wasa da ban taɓa jin labarinsa ba. Kowace Asabar bayan La'asar sai in hau Keke Napep daga Wuro Hausa a Yola Gari in tafi can, mu shida mu kewaye tebur. A cikin wasan nan ne aka ba ni matsayin wani irin boka da ke aiki da gawawwaki. Manufar wannan ɗan rubutu ita ce in bayyana wa 'yan'uwana ɗaliban harshe yadda wasan yake, da yadda ake fitowa a wannan matsayi, da kuma matsalar fassara da ta kusa raba ni da aminina a kan kalma ɗaya.

Yadda Wasan Yake

Sunan wasan Dungeons & Dragons. Gary Gygax da Dave Arneson ne suka ƙago shi a Amurka, aka fara buga littafinsa a 1974 a kamfanin TSR, kafin kamfanin Wizards of the Coast ya saye shi a 1997. Wasan kwaikwayo ne da ake yi da baki a zaune, ba dandamali ba 'yan kallo. Mutum ɗaya shi ne jagora, aikinsa kamar na mai tatsuniya: shi ke siffanta gari da daji da dodanni. Bambancinsa da tatsuniya shi ne masu sauraro su ne taurarin labarin. Kowa yana da takardar da aka rubuta halayen tauraronsa guda 6, wato ƙarfi da zafin nama da juriya da basira da hikima da kwarjini. Idan tauraro zai yi wani abu mai wuya, sai a jefa ƙwaya irin ta ludo, amma mai fuska 20, lambar da ta fito ita za ta nuna ko ya dace ko bai dace ba. Ba a sa kuɗi, ba kuma wanda ke cinye wani. Tare ake tsira, tare ake faɗuwa.

Akwai kuma wasa na ƙungiya. Tun 2014 kamfanin ke gudanar da wani tsari mai suna Adventurers League, inda mutum zai iya ɗaukar tauraronsa daga tebur zuwa tebur, daga gari zuwa gari, saboda doka ɗaya ce ke aiki ko'ina. Mu ba mu cikin ƙungiyar, amma jagoranmu ya aro dokokinta. Wadda ta fi shafata a ciki ita ce wadda ta hana a fito da tauraro mai mugun hali.

Ba Baƙon Abu Ba Ne ga Bahaushe

Duk wanda ya yi tashe yana yaro ya san tushen wannan wasa. Idan watan azumi ya kwana 10, yara sukan yi shigar tsoho ko malami ko mai magani, su bi gida-gida. A wasan Jatau Mai Magani yaro yakan rataya layu da sauyoyi ya riƙa tallar magani, 'yan amshi na biye da shi. Gari na wayewa sai ya ɗauki allonsa ya tafi makaranta, ba wanda zai kira shi boka. Haka nan a finafinan Hausa, ɗan wasa yakan ɗaura jan ƙyalle ya zauna cikin kogo yana ƙyalƙyala dariya, a tashi daga wurin ya bi jam'i. Bahaushe ya daɗe da sanin cewa kama da wane ba ta wane. To me ya sa nawa matsayin ya jawo magana?

Matsalar Suna

Turawa suna kiran tauraron nawa nekuromansa. Kalmar ta fito daga Girkanci: nekros, wato matacce, da manteia, wato duba. Asalin ma'anarta ke nan mai duba ta hanyar tambayar matattu. Daga baya marubutan labaran ƙirƙira suka mayar da shi mai tara rundunar gawawwaki. Da yake da Hausa muke wasanmu, sai aka ce ni ɗalibin Hausa in samo masa suna. Na bi kalmominmu ɗaya bayan ɗaya.

Boka yana aiki da itatuwa da sauyoyi, wani kuma yana da'awar hulɗa da iskoki, amma aikinsa a kan masu rai yake. Ɗan bori iska ce ke hawansa, shi ne doki, kuma iskokin irin su Sarkin Rafi da Ɗangaladima da Inna ba matattun mutane ba ne. Maye, wanda Fulanin Adamawa ke kira mistiriijo, kurwar mai rai ake cewa yana kamawa. Idan mutum ya mutu aikinsa ya ƙare. Ɗan tsibbu da rubutu da ƙulle-ƙulle yake aiki. Fatalwa kuwa ita kaɗai ce ta shafi matacce, amma a yadda ake ba da labarinta, da kanta take fitowa, ba wanda ke aikenta. A taƙaice, babu gurbin wannan mutum a tunanin Bahaushe, don haka harshen bai tanadar masa suna ba.

Da na rasa, sai na yi fassarar ganganci na ce “mai tayar da matattu”. Ranar da na fara faɗin haka a tebur, aminina, wani Bafillace ɗan Yola Gari da muke zuwa tare, ya ajiye takardarsa ya dube ni ya ce, “Mutumina, ka ji abin da bakinka ya faɗa kuwa? Wa ke tayar da matattu in ba Allah ba?” Na ce masa ai wasa ne. Ya ce akwai maganar da ba a wasa da ita. Ya tashi ya fita, mako 2 bai dawo ba, ko a hanya muka haɗu gaisuwa ce kawai.

Abin da Dokar Wasan ta Ce

Wannan ya sa na koma na karanta littafin dokoki na 2014 a tsanake. Sai na ga ashe ni ne na yi wa tauraron ƙari. Sihirin da ake magana a kai sai tauraro ya kai mataki na 5 yake samunsa. Yana ɗaukar minti ɗaya, ya mayar da tarin ƙasusuwa ƙwarangwal mai motsi, ko ya sa gawa ta riƙa tafiya. Littafin da kansa ya nuna cewa ba rai ake mayarwa ba, mummunan kwaikwayon rai ne kawai. Abin ba ya tuna ko shi wane ne, umurni kawai yake bi kamar 'yar tsana. Bugu da ƙari, biyayyar ta awa 24 ce. Idan ba a sabunta sihirin ba kafin lokacin ya cika, ƙwarangwal zai daina jin magana, kuma sabuntawa ɗaya ba ta riƙe fiye da guda 4 a wannan mataki. Shi kansa bokan rarrauna ne, sara ɗaya ko biyu ke kayar da shi, shi ya sa yake fakewa a bayansu.

Na je har gida na zayyana wa aminina wannan. Ya yi shiru, can sai ya yi dariya ya ce, “To ai wannan kiwo ne. Kullum sai ka ƙirga su, ka ɗaure, in ka yi sakaci su shiga gonar mutane. Gaynaako ne kawai.” Gaynaako da Fillanci shi ne makiyayi. Daga ranar tauraron nawa ya zama Makiyayin Ƙwarangwal. Kalmar “tayarwa” a kunnen Bahaushe tana ɗauke da tashin ƙiyama, ita kuwa “kiwo” ba ta ɗauke da komai sai wahala da lura. Abin mamaki, ta biyun ta fi ta farkon dacewa da abin da dokar ta siffanta.

Ba mu kaɗai muka taɓa shiga irin wannan ba. A shekarun 1980 iyaye da masu wa'azi a Amurka sun zargi wasan da koyar da tsafi, har wata mata mai suna Patricia Pulling ta kafa ƙungiyar yaƙi da shi a 1983. A bugun 1989 kamfanin ya cire kalmomin da ke nufin shaiɗanu, daga baya ya dawo da halittun da ƙagaggun sunaye, baatezu da tanar'ri. Su ma ke nan ta wajen suna suka ɓullo wa lamarin.

Ƙa'idojin Fitowa a Wannan Matsayi

Daga abin da na gani, abubuwa 4 ne suka sa matsayin ya zauna lafiya a teburinmu.

Na farko, taƙaita garke. Kowane ƙwarangwal yana da nasa juyin a fagen yaƙi. Idan ka tara 10, sauran 'yan wasa za su yi ta hamma suna jiranka. Ni ban taɓa wuce 2 ba.

Na biyu, kiyaye haddi. Littafin ya nuna cewa wannan aiki ba na kirki ba ne, kuma mugaye ne ke yawaita shi, ga shi dokar ƙungiya ta hana mugun tauraro. Don haka muka yarda ba a taɓa maƙabarta, ba a taɓa gawar mutumin gari, sai ƙasusuwan dodannin da suka kawo mana hari, kuma idan tafiya ta ƙare a binne su.

Na uku, surkulle. Ban taɓa sa aya ko addu'a ko sunan wata iska ta bori a bakin tauraron ba. Kalmomi marasa ma'ana nake harhaɗawa, in ba su amsa-amo da karin kirari. Na lura cewa sautin ne ke sa tsigar jiki ta tashi, ba ma'anar ba.

Na huɗu, wakilin suna. A wurare masu nauyi nakan bar “na yi” in koma “ya yi”. Maimakon in ce na ɗaga sanda, sai in ce Makiyayi ya ɗaga sandarsa. Wannan 'yar sauyawa daga mutum na ɗaya zuwa na uku takan tuna wa kowa cewa labari ake bayarwa.

Kammalawa

Aminina ya dawo tebur, har ya fito a matsayin maharbi. Amma akwai wani daga cikinmu da ya ce shi ko da sabon sunan zuciyarsa ba ta kwanta ba, ya daina zuwa, kuma ban ga laifinsa ba, don kowa ya san inda iyakarsa take. Darasin da na ɗauka a matsayina na ɗalibin harshe shi ne, mai fassara ba ma'anar ƙamus kaɗai zai duba ba, sai ya auna nauyin da kalma ke ɗauke da shi a zuciyar mai ji. Irin waɗannan wasanni da finafinai suna ta shigowa ta wayoyin ƙannenmu, kuma dole wani ya raɗa wa abubuwan da ke ciki suna. Idan wani daga cikin masu karatu yana da sunan da ya fi Makiyayin Ƙwarangwal dacewa, ina maraba da gyara a fitowa ta gaba.