Idan ƙarfin ido ya sauka fiye da kima bayan aiki

Mai hawan jinin ido, wato gilakoma, abu ɗaya ake ta nanata masa: ƙarfin ruwan idonka ya hau, sai an saukar da shi. Shi ya sa idan aka yi masa aiki, ya ji awo ya faɗi ƙasa sosai, sai ya ce alhamdu lillahi, an gama. Ba kullum ba ne.

A lafiyayyen ido, awon yakan tsaya tsakanin 10 da 21. Aikin da aka fi yi, wanda likita Cairns ya bayyana a Ingila a 1968, ƙaramar kafa ce ake buɗewa a ƙarƙashin fatar ido ta sama don ruwan ya samu mafita. Wani lokaci kafar takan zubar fiye da yadda ake so, ko ɗinki ya yi yoyo, musamman idan an sa maganin mitomycin don hana wurin toshewa. Sai awon ya sauko 5 ko ƙasa da haka.

Ido a wannan hali kamar ƙwallon da ya sace ne: bangonsa ya lotsa, shimfiɗar da ke can baya mai ɗaukar hoto, wato retina, ta tattare. Idan tattarewar ta faɗa tsakiyarta, inda ake karatu da gane fuska, gani ya dushe, miƙaƙƙen layi ya zama karkatacce. Sau da yawa babu ciwo, kuma nan ne haɗarin yake. Matasa da masu gajeren gani sun fi faɗawa ciki, don farin idonsu ya fi laushi.

Likita na iya leƙawa da fitilarsa ya ga manyan tattarewa, amma ƙananan sukan ɓuya. Na'urar OCT, wadda aka fara bayyanawa a 1991 daga jami'ar MIT ta Amurka, ita ke tona su. Za ka ɗora haɓa, ka kalli ɗigon haske, cikin 'yan daƙiƙu ta fito da hoton retina hawa-hawa, a ga inda ta yi tudu da kwari. Ba allura, ba ta taɓa ido.

Ga mutumin Madawa, Buza ko Keita, matsalar nisa ce. Aikin a Maraɗi, Yamai ko Kano ake zuwa yi, kuma kuɗin mota kan sa a tsallake ranar komawa. A ganina wannan kuɗin a ware shi tun kafin a kwanta aikin. Idan an gano da wuri, ana iya rage maganin ɗigawa, a toshe yoyon, ko a ƙara ɗinki, kuma gani yakan dawo. Idan an yi watanni, tattarewar na iya zama tabo.

Kafin likita ya sallame ka, bar ɗaukar buhun albasa da jan guga, kada ka murza idon, kwalli ma a ajiye shi. Kowace safiya rufe lafiyayyen idon da tafin hannu, ka kalli gefen ƙofa. In ya lanƙwashe, ko hawaye na ta zuba babu dalili, kada ka jira ranar da aka rubuta maka a kati. Ka koma, ka tambayi nawa awon ya nuna, kuma ko akwai inda za a ɗauki hoton bayan idon.