Injin Iska A Kan Tsohon Juji: Ina Makomar Ruwan Ƙarƙashin Ƙasa?

A kudancin birnin Hambug na ƙasar Jamus, a wani tsibiri da ke tsakanin rassan kogin Elbe, akwai wani tudu mai suna Georgswerder. Tsayinsa ya kai mita 40, faɗinsa kuma kimanin hekta 45. Wanda ya hango shi lulluɓe da ciyayi, ga injinan iska suna juyawa a bisansa, sai ya ɗauka tsauni ne na asali. Alhali juji ne. Bayan Yaƙin Duniya Na Biyu aka fara jibge ɓaraguzan gine-gine a wurin, sannan sharar gidaje ta biyo baya, daga bisani kuma dattin masana'antu mai guba, irin su ragowar fenti da sauran sinadarai. An rufe jujin a 1979. A 1983 sai aka gano cewa wata guba mai suna dayoksin tana tsatsafowa daga gindin tudun tana shiga ruwan ƙarƙashin ƙasa.

Dayoksin ba ta narkewa sosai a ruwa, amma mai yana ɗaukarta, jujin kuwa cike yake da mai da sauran ruwayen masana'antu. Idan ta shiga jikin kifi ko dabba, a kitse take taruwa, kuma sai an shafe shekaru jiki bai rabu da ita ba. Saboda haka duk wanda ya ci naman, ya gaji abin da dabbar ta tara.

Hukumomin birnin ba su kwashe jujin ba, domin tono shi ya fi barinsa hatsari. A maimakon haka sai aka yi masa rufi hawa-hawa, wato leda mai kauri da yumɓu da ƙasar noma a sama, don hana ruwan sama kutsawa ciki. Ruwan da ke tsatsafowa ana tara shi a tace, haka ma ruwan ƙarƙashin ƙasar da ya riga ya gurɓata, ana jawo shi da famfo a tsabtace. A shekarun 1990 aka kafa injinan iska na farko a kan tudun, a 2011 aka maye gurbin tsofaffi da babba guda mai ƙarfin megawat 3.4, sannan a 2013 aka buɗe wurin ga masu ziyara da sunan Tsaunin Makamashi.

Dalilin sha'awar irin waɗannan wurare a fili yake. Tudu ne, iska ta fi kaɗawa a sama. Ba a noma shi, ba a gina gida a kansa. Kuma galibi yana kusa da gari inda ake bukatar wutar. Matsalar tana ƙarƙashin ƙafa.

Juji, ko da an rufe shi, bai mutu ba. A cikinsa akwai ƙananan halittu marasa adadi da ke cin ruɓaɓɓen abinci da takarda da katako ba tare da iskar shaƙa ba. Aikinsu yana haifar da abubuwa biyu da ke damun mai gini. Na farko, shara tana raguwa, tudun yana ta zama ƙasa shekara da shekaru, kuma ba daidai yake zama ba: nan ya lotsa, can ya tsaya. Doguwar hasumiyar da ke ɗauke da fukafukai masu nauyi ba ta jure karkata, ko da kaɗan ce. Na biyu, suna fitar da iskar gas wadda kusan rabinta metan ce. Metan kuwa idan ta kai kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari na iskar wuri, ƙyastu ɗaya ya isa ta fashe. Gindin hasumiya da ramukan wayoyi su ne irin lungunan da take taruwa, don haka dole a toshe kafofinsu, a bar wa iska hanyar wucewa, a kuma sa na'urar da ke sansano ta. A Georgswerder ana zuƙo gas ɗin ta bututu a kai shi masana'antar narka tagulla ta Aurubis da ke maƙwabtaka.

Babbar shawarar ita ce ta harsashi, kuma hanya biyu ce. Ana iya shimfiɗa faffaɗan faifan kankare a saman tudun, nauyinsa ya riƙe hasumiya, a bar kaza cikin gashinta. Wannan ba ya huda komai, amma nauyin yana matse sharar da ke ƙasa, yana iya yaga ledar rufi ko ya karya bututun gas, kuma dole a yi ta auna karkatar hasumiyar. Hanya ta biyu ita ce a kafa dogayen turaku su ratsa sharar har su tarar da ƙasa mai ƙarfi. Haka aka yi a garin Hull na jihar Masacusets a Amurka a 2006, inda aka dasa inji mai megawat 1.8 a kan rufaffen juji, turakunsa suka kai ga dutse.

Turaku sun fi ba hasumiya kwanciyar hankali, amma su ne suka fi barazana ga ruwa. Tsofaffin jujuna da yawa ba a shimfiɗa musu komai a ƙasa ba. Abin da ya raba ruwan juji da ruwan sha shi ne ɗan yumɓun da Allah Ya ajiye a wurin. Turke ɗaya da ya huda wannan yumɓu ya zama tamkar magudana, gurɓataccen ruwa ya bi jikinsa ya sauka. Wanda aka buga da guduma kuma yana iya tura datti a gabansa zuwa ƙasa. Shi ya sa inda ruwan sha ke kusa, ya fi dacewa a haƙa ramin cikin bututun ƙarfe, a kwashe abin da ya fito a matsayin guba, a liƙe gefe da siminti da wani yumɓu mai kumbura idan ya jiƙa, a kuma manne ledar rufi da wuyan harsashin.

Duk wannan ba ya wadatarwa sai da awo. Ana haƙa ƙananan rijiyoyi a ɓangaren da ruwan ƙarƙashin ƙasa ke fitowa da ɓangaren da yake nufa, a auna gishiri da amoniya da ƙarafa masu guba tun kafin a sara ƙasa. In babu awon farko, ranar da ruwa ya ɓaci ba wanda zai iya tantance ko laifin ginin ne ko na tsohon jujin.

Ɗalibin da ke son ganin wannan ilimi da idonsa ba sai ya je Jamus ba. A Kano da wasu tsofaffin biranenmu an cike kududdufai da yawa da shara an yi gini a kansu, ga rijiyoyin gidaje a kewaye. Ruwan da ke cikinsu hanya ɗaya yake bi da na gindin Georgswerder, kuma ana iya fara gwada shi a ɗakin binciken makaranta.