Shin Ko Kun San? Ramin da Jirgin Sama Ke Shan Iska da Shi

Shin ko kun san cewa bututun nan da ke miƙe a gefen gilashin Land Cruiser, irin waɗanda ke jigilar masu neman zinariya tsakanin Arlit da Tchibarakaten, akasinsa ake yi wa jirgin sama? Direban sahara yana ɗaga bakin shan iskar injinsa ne don ya tsere wa ƙurar tayoyi. Maƙerin jirgi kuwa nutsar da nasa yake yi, domin duk abin da ya turo kai waje rage gudu yake, ga ƙarin shan mai.

Hukumar NACA ta Amurka, wadda NASA ta gada a 1958, ita ta fito da wannan rami a 1945, a cibiyarta ta Ames da ke Kalifoniya. Siriri ne ta gaba, yana tafiya yana faɗi yana zurfi, gangarensa kimanin digiri 7.

Shin ko kun san aikin duka a gefunansa yake? Iskar da ke manne da fatar jirgi raguwa ce, ba ta da ƙarfi. In iska ta tsallake gefunan nan biyu sai ta murɗe kamar 'yar guguwa, hagu da dama, ta ture raguwar, ta jawo mai gudu ciki. Saboda haka dole bakin gefen ya yi kaifi. Mai son kyau da ya goge shi ya yi sumul, ya ɓata aikin ke nan.

An gwada ramin a jirgin yaƙi YF-93, bai ƙosar da injin jet ba. Inda ya karɓu shi ne sanyaya inji da kai wa matuƙi iska, har ma a motoci kamar Ferrari F40.

Masu haɗa jirgi a gida sun rungume shi. Burt Rutan, mai jiragen VariEze na 1975 da Long-EZ na 1979, ya yaɗa wata hanya mai sauƙi: a sassaƙa soso mai tauri, a shimfiɗa masa ƙyallen zaren gilashi, a shafe da gam ɗin ifoksi. Haka ake fitar da ramin, da zane da wuƙa da takardar guga.

Mu ma ba a bar mu a baya ba. Air Beetle, jirgin koyon tuƙi na sojojin saman Najeriya da aka harhaɗa guda 60 a Kaduna, daga RV-6A ya samo asali, jirgin haɗin gida ne, sai dai shi na alminiyam ne.

To, me ya sa jiragen zaren gilashi kusan duk farare ne? Gam ɗin da ya bushe ba tare da an gasa shi ba yana laushi in ya ɗau zafi sosai, fenti mai duhu kuwa zuƙe rana yake. Wanda ya taɓa ɗora hannu kan baƙar mota da azahar a Arlit ba sai an yi masa bayani ba.