Kuskuren da Kunun Zaƙi ke Yafewa da Wanda Ba Ya Yafewa

A Achilafiya da ƙauyukan Kazaure, Roni da Gwiwa, da wuya a yi suna ko buɗa-baki ba a ga kunun zaƙi ba. Wata rana uwargida ta yi komai yadda ta saba, da safe ta buɗe roba ta tarar kunun ya yi kauri babu zaƙi, ko ya yi tsamin da ba ya shawuwa. Sai a ce hannu ne. Alhali kowace tangarɗa da dalilinta.

Bayan an jiƙa gero ko dawa an markaɗa da citta, kanumfari da masoro, akan raba ƙullun biyu. Kaso mai yawa a dama shi da tafasasshen ruwa, ɗan kaɗan a bar shi ɗanye tare da tsiro ko busasshen dankali. Tsiron nan yana ɗauke da wani sinadari mai narkar da sitaci ya mai da shi sukari, shi ya sa kunun ke tsinkewa ya yi zaƙi ko ba a zuba sukari ba. Sinadarin ɗumi yake so, wajen digiri 60 zuwa 70, tafasa kuwa kashe shi take yi. Wadda ta yi gaggawar haɗawa kunu na tururi ta ɓata aikinta da kanta. Wannan asarar ɗanɗano ce kawai, haka ma idan citta ta yi yawa ko tata ba ta yi laushi ba. Gobe a gyara.

Lokaci kuma wani abu ne daban. Tun 1857 Louis Pasteur na Faransa ya nuna cewa ƙananan halittun da ido ba ya gani ne ke kawo tsami. A zafin Maris da Afrilu, sa'ad da ma'auni ke haura digiri 40, aikinsu sauri yake yi: kunu ya yi tsami, ya fara kumfa, gorar roba ta kumbura. Da irin wannan tsiron dawa ake fara burukutu, kwanaki da yis ne ke raba shi da kunu. A Sahihu Muslim, Ibn Abbas ya ruwaito cewa jiƙon zabibin da ake yi wa Manzon Allah (SAW) ba ya wuce kwana uku. Kunu a bazara ko kwana biyu ba ya kaiwa in babu firji.

Sai kurakuran da ke taɓa rai. Ruwan da ake sirka kunu bayan tata, da ƙanƙarar da ake jefawa, ba sa hawa wuta, ta nan amai da gudawa da taifod ke shiga. Hatsin da ya yi fumfuna yana iya ɗaukar gubar aflatoksin mai lalata hanta, tafasa ba ta kawar da ita. Jarkar da aka taɓa zuba maganin feshi, ko an wanke ta sau goma, ba mazubin abin sha ba ce. Tsintattun goruna ma ba a san bakin da ya sha da su ba.

Don haka 'yar'uwa, tsince hatsinki, tafasa ruwan sirki, ki dama daidai wanda za a shanye a yini. Wanda ya kwana ya fara kumfa, zubar da shi ya fi sauƙi a kan kuɗin asibiti.