Gulbi da ƙorama: siffar hanyar ruwa ita ke raya fadama, ita ke kashe ta

A jihohin Maraɗi, Damagaram da Tawa, akasarin gulabe da ƙoramu ba su ɗaukar ruwa sai da damana, watanni uku ko huɗu, wasu ma kwanaki kaɗan bayan an yi ruwan sama. Amma duk da haka a bakinsu ne ake samun ƙasa mafi albarka da manyan itatuwa. Abin da manoma suka daɗe da lura da shi, kuma masana suka tabbatar, shi ne ba yawan ruwa kaɗai ke kawo wannan albarka ba, har da siffar hanyar da ruwan ke bi.

Idan ƙorama tana da faɗi, ba ta da zurfi, kuma tana tafiya tana lanƙwasa, ruwa ba ya gudu da ƙarfi. In ta cika sai ta tumbatsa cikin fadama. Rairayi mai nauyi yakan zauna kusa da gaɓa, laka mai laushi kuwa ta wuce can nesa inda ruwa ke kwanciya. Shi ya sa kowane icce ke da mazauninsa: giyayya da bagaruwa a wurin da ruwa ke daɗewa, kanya da tsamiya a gefe, gawo kuma ya fi son ƙasa mai zurfi inda saiwarsa ke cim ma ruwan ƙasa. Ruwan da ya kwanta yana nutsewa, rijiyoyi su cika, masu noman rani su samu na ban ruwa. Ko a gulbin Kaba, wanda da wuya ruwa ke gudu cikinsa, ruwan ƙasa da ke kusa ne ya riƙe dajin goriba da mata ke samun kabar saƙar tabarmi.

Idan kuwa ƙorama ta miƙe, ta yi zurfi, labari ya canza. Ruwa na wucewa da gudu, ba ya hawa fadama, sai dai ya ci gaɓa, musamman ta bayan lanƙwasa, ya tone saiwoyi, itatuwa su faɗi. Ramin yana janye damshin gonakin da ke gefensa, ruwan ƙasa ya yi nisa, ƙananan itatuwa su kasa tasowa. Rairayin da ya kwaso kuma ya je ya binne garakar mutanen da ke gangare. Sau da yawa matsalar daga tudu take farawa: an sare itatuwa, ƙasa ta zama faƙo, ruwa ba ya shiga, sai ya taru ya sauko gaba ɗaya.

Gulbin Maraɗi misali ne. Yana tasowa daga yankin Katsina a Najeriya, ya bi ta Madarunfa, Maraɗi, Tsibiri da Gidan Runji, sannan ya koma Najeriya ya haɗu da gulbin Rima. A shekara ta 1945 ambaliyarsa ta rushe tsohon garin Maraɗi da ke cikin kwari, aka maida gari bisa tudu. Tun da aka gina madatsar Jibiya a wajejen 1990, ruwan da ke malala cikin fadamar ya ragu, ke nan lakar da ke sabunta ƙarfin gonaki ita ma ta ragu.

Gyara yana yiwuwa. A yankin Keita, aikin da aka soma a 1984 tare da ƙasar Italiya da hukumar FAO ya fara ne daga tuddai, da jera duwatsu da dashen itatuwa, kafin a tare ƙoramu. A wasu kwaruruka na jihar Tawa kuma an gina gajerun shingaye na dutse da siminti a gicciyen ƙorama. Ba su ajiye ruwa kamar baraji, suna rage masa gudu ne su baza shi hagu da dama. Da haka rami ke cikewa da laka, rijiyoyi su dawo kusa, a noma dawa da damana, albasa da tumatir da rani.

Sai dai shinge ba ya tsayawa shi kaɗai. Wanda ya sare iccen bakin gaɓa, ko ya yi huɗa har bakin ƙorama, ko ya kwashi rairayin gini ba tsari, gonar maƙwabcinsa na gangare yake ci, gobe kuma tasa. Ya kamata magadan gari, sarakuna da kwamitocin kula da filaye su shata iyakar da ba a noma a bakin ƙoramu, su kuma sa a toshe ƙaramin kwazazzabo da duwatsu tun bai fi ƙarfin ƙauye ba.

Allah ya ba mu damana mai albarka.