Tsohon Gida A Unguwar Sanusi: A Saya, A Gyara, Ko A Bari?

Idan mutum ya yi ritaya ya karɓi kuɗin sallama, shawarar da ya fi ji a ƙofar majami'a ita ce ya nemi tsohon gida ya gyara, ya zuba 'yan haya. Shawarar ba ta da laifi, amma kuɗin sallama sau ɗaya ake ba mutum. Shi ya sa muka ga ya kamata mu duba batun, mu ɗauki Unguwar Sanusi ta zama misali.

Unguwar tana cikin Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Kudu, tana maƙwabtaka da Tudun Wada da Badiko. Masu neman ɗaki ba sa yankewa a wannan gefe, gama babbar harabar Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna tana Tudun Wada, tsakiyar gari kuma ba nisa. Amma kowa ya san abin da ya faru. Bayan rikicin shari'a na 2000 da na gasar sarauniyar kyau a Nuwamba 2002, masu bi da yawa suka tattara suka koma Sabon Tasha, Narayi, Television da Unguwar Romi, Musulmi da yawa kuma suka baro can suka dawo wannan gefe. Waɗansu sun sayar da gidajensu a wulaƙance cikin gaggawa, waɗansu suka yi musaya, waɗansu kuwa suka bar gida a hannun maƙwabci, har yau bai ci amanarsu ba. Saboda haka tambayar iri biyu ce a wurinmu: akwai mai son saye, akwai kuma magajin da yake tunanin abin da zai yi da gidan da mahaifinsa ya bari.

Mu fara da takarda, domin a nan ne ake yin kuka. Tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, filayen birni suna hannun gwamna ne, mai gida haƙƙin zama yake riƙe da shi, sayarwa kuma tana bukatar amincewar gwamna. Yawancin tsofaffin gidaje ba abin da suke da shi sai takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa da shaidu. Wannan shaida ce, amma ba ta kai C of O ba. Kafin a ba da ko sisi, a je ofishin KADGIS, hukumar da take riƙe da rajistar filayen jihar, a bincika sunan wa ke kan filin, ko an jinginar da shi a banki, ko ana binsa harajin ƙasa. In gidan gado ne, kada a yarda da sa hannun babban ɗa shi kaɗai. A nemi dukan magada, har da 'yar da take aure a Kafanchan ko Kano. Dillali kuwa la'adarsa yake nema, ba shi zai tsaya da kai a kotu ba.

Sai hukumar KASUPDA. Tun da aka fara aikin sabunta birnin Kaduna a 2019, mun ga yadda faɗaɗa titi ya ci shaguna da katangu. Gidan da aka ƙara wa ɗakuna har bakin kwalta, ko aka gina a kan lambatu, wataƙila rabin abin da ka biya ne zai tsira.

Ginin kansa, a je a gan shi cikin Agusta. Da rani kowane gida lafiyayye ne. Da damina ne silin yake nuna inda kwano ke yoyo, gindin bango ya nuna danshi, tsakar gida ta nuna ko ruwa yana da hanyar fita. A tafi da magini wanda ba mai sayarwa ne ya kawo shi ba, ya ƙwanƙwasa bango, gama gidaje da yawa ginin ƙasa ne aka shafe da siminti. Ginin ƙasa ba aibi ba ne in rufinsa na da kyau, amma ba a saye shi da kuɗin bulo, ba a kuma ɗora masa bene. Kafinta ya hau ya duba ko gara ta ci katako. A auna tazarar rijiya da masai. A tambayi bashin wuta, domin sabon mai gida yana iya tarar da shi.

Ubangiji ya yi misali da mai son gina hasumiya a Luka 14, to, bari mu zauna mu yi lissafi. A ce ka sayi gida naira miliyan 20, gyara ya ci miliyan 6. Ɗaki 10, kowanne naira 150,000 a shekara, miliyan ɗaya da rabi ke nan. Cire 300,000 na ɗakin da ya zauna ba kowa, da kwasar masai, da ɗan hayan da ya kasa biya. Uwar kuɗinka ba za ta dawo ba sai bayan shekara 21 da ɗoriya. Ga shi a 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari, buhun siminti ya kai naira 10,000 a wurare da dama, alhali ba ka iya ƙara wa malamin firamare haya kowane wata. Ribar gida tana cikin darajar filin, hayar kuwa ta cefane ce da kuɗin makaranta. Wanda yake bukatar kuɗin magani kowane wata, a ganinmu, kada ya binne dukan sallamarsa a bango.

Ga magada kuwa, ba mu goyon bayan sayarwa don tsoro kawai. Wanda yake zaune a Sabon Tasha yana iya riƙe gida a Unguwar Sanusi, muddin ya sami amintaccen mai kula daga cikin unguwar, ya gabatar da kansa ga mai unguwa, ya rubuta yarjejeniya da kowane ɗan haya, ya kuma riƙa leƙowa ba sai ranar karɓar kuɗi ba. In kuwa ikilisiya ko zumuntar mata ce za ta saya da kuɗin baiko, a rubuta gidan da sunan amintattun ikilisiya masu rajista, ba da sunan fasto ko ma'aji ba, gama ana yi wa fasto canjin wurin aiki, ma'aji kuma yana da nasa magada.